Ragowar Maganin Ƙwari a Kayan Lambu da 'Ya'yan Itatuwa: Haɗarinta ga Lafiya da Dukiya

Noman rani ya sauya abincin mutanen Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar a cikin shekaru hamsin da suka wuce, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga da ke jihar Kano a 1974, aka kuma janyo ruwanta zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, sannan injin ban ruwa ya bazu a fadamun sauran jihohi, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa da kabeji da kankana suka zama amfanin da ake nomawa domin kasuwa, ana loda su a manyan motoci har Legas. Wannan bunƙasa ta zo tare da maganin feshi, wanda a yau da wuya a sami lambun kasuwa da ba a amfani da shi. Abin da wannan lacca ta sa a gaba shi ne ragowar wannan magani, wato ɗan abin da ke saura a jikin amfanin gona ko a cikinsa bayan an yi feshi, wanda yake bin kwando zuwa kasuwa, daga kasuwa kuma zuwa tukunya. Ragowar ba ta da launi, galibi ba ta da wari ko ɗanɗano, saboda haka mai saye ba shi da hanyar gane ta, kuma a kan wannan ɓoyuwa tata ne kusan dukkan matsalar ta ginu.

Magungunan ƙwari iri biyu ne ta fuskar yadda suke zama a jikin shuka. Akwai wanda yake tsayawa a bayan ganye ko a fatar ɗan itace, ya kashe ƙwaron da ya taɓa shi, sannan rana da iska da ruwa su riƙa rage shi a hankali. Akwai kuma wanda shuka ke tsotsewa ta ganye ko ta saiwa, ya bi ruwan jikinta ya kai ko'ina, har cikin tsokar abin da za a ci, kuma irin wannan wanki ba ya isa inda yake. Kowanne daga cikinsu yana da lokacin jira, wato adadin kwanakin da ya wajaba a bari tsakanin feshin ƙarshe da ɗibar amfani domin gubar ta ragargaje ta sauko zuwa matakin da aka yarda da shi, kuma kamfanin da ya haɗa maganin yakan rubuta wannan adadi a jikin kwalba, wani kwana ɗaya ko uku, wani mako ɗaya, wani mako biyu ko fiye. A nan ne noman kayan lambu ya bambanta da noman hatsi. Gero da dawa sau ɗaya ake girbe su bayan watanni, amma tumatir da kuɓewa da attaruhu, da zarar sun fara nuna, bayan 'yan kwanaki kaɗan ake komawa a sake tsinka, haka har ƙarshen kakarsu. Manomin da ya ga tsutsa a gonarsa ranar Talata, alhali dillali ya yi masa alkawarin mota ranar Alhamis, yana tsakanin abu biyu ne: ko dai ya jira kwanakin da aka rubuta amfaninsa ya ruɓe a gona, ko ya yi feshi yau ya tsinka jibi. Wanda ya ci bashin taki da man inji, ya san abin da zai zaɓa.

Wanda ya tsaya a bakin lambu da sanyin safiya zai ga yadda aikin ke gudana. Matashi ne ɗan ƙwadago, famfon feshi goye a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana auna maganin da murfin kwalba, sau da yawa ya haɗa iri biyu ko uku a tanki ɗaya bisa zaton haɗin zai fi ƙarfi, ya motsa da kara, in bakin famfon ya toshe ya sa baki ya hura. Ma'aunin da yake bi daga bakin mai shago ya ji shi, ko daga maƙwabcin gona, domin bayanin jikin kwalbar da Turanci yake ko Faransanci, da ƙananan haruffa, kuma a kasuwannin ƙauye ana ɗura magani a robar da ba ta da rubutu ko kaɗan, a sayar da shi kaɗan-kaɗan daidai aljihun mai saye. Akwai zanen launi da ake yi a gindin takardar kwalba domin wanda bai iya karatu ba, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore ga mafi sauƙi, to amma zanen ba ya amfanar wanda ba a taɓa faɗa masa ma'anarsa ba. Ɗora laifin duka a kan manomi zalunci ne, domin an sayar masa da guba ba tare da an ba shi ilimin riƙe ta ba, kuma malaman gona da ya kamata su ba shi wannan ilimi sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka gwada da yawan manoma.

Abin da ya faru da tumatir a 2016 ya nuna yadda lamarin kan ta'azzara. Wata ƙaramar tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoman Kano da Kaduna kuma suke ce mata sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006 ta kuma bazu zuwa Afirka, ta afka wa gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu na shekarar, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin abin sarrafawa, farashin kwando kuma ya ninka sau da yawa. Tsutsar tana shiga tsakanin fatun ganye ne da cikin ɗan tumatir, inda maganin da ke tsayawa a waje ba ya taɓa ta sosai, kuma tana hayayyafa da sauri, saboda haka tana saurin sabawa da magani. Sabawa a nan na nufin cewa duk feshin da aka yi yana kashe raunana ne ya bar masu juriya, su kuma su haifi irinsu, har a wayi gari maganin da ya yi aiki bara ya daina aiki bana. Manomin da ya ga haka sai ya ƙara ma'auni ya kuma rage tazarar feshi, wanda hakan ke ƙara wa tsutsar juriya, ya ƙara wa tumatir ragowa, ya kuma ƙarar da ribar manomin.

Domin a iya hukunta ragowa sai da ma'auni, kuma duniya ta daɗe da samar da shi. A 1963 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa hukumar Kodeks, wadda ke tsara ƙa'idojin ingancin abinci, ciki har da iyakar ragowa, wato mafi yawan abin da aka yarda a samu na wani magani a cikin kilo ɗaya na wani amfanin gona, wanda ake aunawa da miligiram. Akwai kuma ma'auni na biyu, shi ne adadin da mutum zai iya ci kullum tsawon rayuwarsa ba tare da an ga illa ba, wanda ake samowa ta hanyar gwaji a kan dabbobi, a ɗauki mafi yawan adadin da bai cutar da su ba, a raba shi galibi gida ɗari domin a bar tazarar kariya. Ya kamata a fahimci cewa wuce iyakar ragowa kaɗan ba lalle ya sa mutum rashin lafiya ba, domin ita iyakar tana nuna abin da zai saura ne idan an bi ƙa'idar feshi; amma wuce ta shaida ce cewa ba a bi ƙa'idar ba, kuma inda aka saba da saɓa ƙa'ida babu mai iya cewa ga inda saɓawar za ta tsaya. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2005, ta sanya miligiram 0.01 a kowane kilo a matsayin iyaka ga duk maganin da ba ta ware masa wata iyaka ba, wanda ya yi daidai da giram ɗaya a cikin tan ɗari na abinci.

Illa ga lafiya iri biyu ce, ta nan take da ta sannu a hankali. Ta nan take an fi saninta a rukunin magungunan da ake kira organofosfet da kabamet, waɗanda ke aiki a kan jijiyoyin saƙo na jiki. Jijiya tana isar da umarni ga tsoka da sauran gaɓoɓi ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin, kuma da zarar saƙo ya isa, akwai wani sinadarin da ke share shi domin gaɓar ta huta. Waɗannan magunguna suna toshe mai sharewar ne, sai saƙon ya yi ta bugawa ba tsayawa, kamar ƙararrawar da aka danna aka ƙi saki, daga nan sai dalalar miyau da gumi da hawaye da amai da gudawa da karkarwar tsoka da tsukewar ƙwayar ido, in abin ya yi tsanani numfashi ya gagara. Duk wanda ya san asibitocin karkara zai ga inda haɗarin yake, domin amai da gudawa da ciwon kai alamu ne da aka saba jingina wa zazzaɓin cizon sauro ko taifot ko gurɓataccen ruwa, saboda haka mai yiwuwa ne a yi wa mara lafiya maganin wata cuta, a sallame shi, ba a tambayi abin da ya ci ko abin da ya fesa ba. A watan Yulin 1985, fiye da mutum dubu suka kamu da rashin lafiya a jihar Kalifoniya ta Amurka da maƙwabtanta bayan sun sha kankanar da ke ɗauke da aldikab, maganin da saiwa ke tsotsewa wanda ba a ba da izinin sa shi a gonar kankana ba, har sai da hukuma ta ba da umarnin a lalata kankanar da ke shagunan jihar. A gida kuma, a 2008, ɗalibai mata fiye da ɗari na wata makarantar sakandare a Doma ta jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin waken da aka adana da maganin ƙwari, kuma a wannan shekarar ce hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta nau'o'in magungunan gona talatin. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne cewa a Kalifoniya an gano tushen cutar cikin 'yan kwanaki saboda likitoci suna da inda suke kai rahoto, akwai kuma ɗakin gwajin da ke jiran samfur.

Illar sannu a hankali ta fi wuyar tabbatarwa, kuma ita ta fi cancantar damuwa. Tsofaffin magunguna na rukunin organokulorin, irin su DDT da lindan, wanda aka sani a kasuwa da sunan Gammalin, da endosulfan, ba sa saurin ruɓewa, suna daɗewa a ƙasa da ruwa, suna taruwa a kitsen jiki, suna kuma fita ta ruwan nono zuwa ga jariri, abin da ya sa yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa irinsu a gaba, aka ƙara lindan a jerinta a 2009 da endosulfan a 2011. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya lindan cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, ta kuma sanya DDT da malatiyon da diyazinon cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa shi. Game da kulofirifos kuwa, wanda aka daɗe ana fesawa a lambuna, binciken da masana na Jami'ar Kolombiya suka yi a birnin New York, inda suka bi yara tun suna ciki har suka shiga makaranta, ya nuna alaƙa tsakanin yawan maganin a jinin cibiya da raunin riƙe karatu daga baya, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2020. Gaskiya ne cewa mafi ƙarfin hujjojin cutarwa sun fito ne daga masu feshi da iyalansu, waɗanda maganin ke shiga jikinsu fiye da na mai ci. Duk da haka, yaro yana cin abinci mai yawa idan aka gwada da nauyin jikinsa, hantarsa ba ta gama ƙwari ba, ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa, saboda haka abin da babba zai ɗauka ba tare da alama ba yana iya barin tabo a jikin ƙarami da ɗan tayi. Irin wannan asara ba ta zuwa da kururuwa, domin ba wanda zai danganta wahalar da yaro ke sha a aji da abin da mahaifiyarsa ta ci tana da cikinsa.

Wannan bayani ba kira ba ne ga barin cin ganye da 'ya'yan itatuwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 a kullum, kuma cutar da ƙarancinsu ke jawowa tabbatacciya ce. Wanke su da ruwa mai gudana tare da cuɗawa, da ɓare abin da ke ɓaruwa, da zubar da ganyen waje na kabeji da latas, duk suna rage maganin da ke fata, dafuwa ma tana rage wasu. An fi buƙatar kula da abin da ake ci ɗanye, irin su latas da gurji da kokwamba da yalo da tumatirin da ake yankawa a kwaɗo, musamman a watan azumi da cinikinsu ke ƙaruwa. Sai dai uwargida ba za ta iya wanke abin da ya riga ya shiga tsokar kankana ba, saboda haka gyaran da ake nema a gona yake da kasuwa.

Ta fuskar dukiya, darasi mafi tsada da Najeriya ta koya a kan wake ne, kuma duk mai son fitar da kayan lambu ya kamata ya nazarce shi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenta, bayan sanarwar gargaɗi fiye da hamsin tun daga Janairun 2013, kusan dukkansu a kan daikulobos, sinadarin da ke cikin Sniper da abin da ake kira fiya-fiya. An ba da rahoton samun daga miligiram 0.03 zuwa 4.6 a kilo, alhali iyakar 0.01 ce, wato mafi munin samfurin ya ninka iyakar sau 460. Dakatarwar ta shekara ɗaya ce da farko, amma aka tsawaita ta a 2016, aka sake tsawaitawa a 2019, saboda ƙasar ba ta gamsar da masu saye cewa ta kafa tsarin sa ido ba. Kenya ma, wadda ta yi nisa a cinikin kayan lambu da Turai, ta gamu da irin wannan a farkon 2013, lokacin da aka ƙara tsaurara binciken ɗanyen wakenta saboda ragowar magani, musamman daimetowet, kuma ƙananan manoma ne suka fi jin jiki, domin kamfanonin fitarwa sun fi natsuwa da manyan gonakin da za su iya nuna rubutaccen tarihin feshinsu. Hukuncin irin wannan a kan sunan ƙasa yake faɗawa, ya haɗa da manomin da ya bi ƙa'ida da wanda bai bi ba, kuma suna in ya ɓaci a kasuwar duniya yakan shafi sauran kayan ƙasar, irin su riɗi da citta da zoɓorodo da busasshen barkono.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba idan ana kukan asarar kuɗin ƙetare, ita ce ina waken da Turai ta ƙi ya tafi. Amsar ita ce irinsa ne ake aunawa a kwano a kasuwannin gida, a yi ƙosai da alale da shi, a ciyar da ɗaliban makarantun kwana. Kayan da za su fita waje ne kawai ake gwadawa da gaske, kuma su ne kaɗan. Tumatir da attaruhu da alayyaho da ake saukewa kowace safiya a Kano a kasuwar 'Yan Kaba ko ake lodawa a Kwanar Gafan, da lemo da mangwaro da ayaba na 'Yan Lemo, suna wucewa ne daga hannu zuwa hannu ba tare da gwajin yau da kullum ba. Abin da ya fi muni shi ne kasuwar tana saka wa mai yawan feshi da alheri, domin mai saye yana zaɓen kabejin da ba shi da huda ko ɗaya da tumatir mai sheƙi, yana kuma rage kuɗin wanda ƙwaro ya ɗan taɓa, alhali ba shi da hanyar biyan manomin da ya jira kwanakinsa suka cika. Muddin mai kiyayewa da mai ganganci farashi ɗaya suke samu, to mai kiyayewa ne ke asara, kuma wa'azi kaɗai ba zai canza wannan lissafi ba. A kan wannan kuma akwai asarar da manomin ke yi a gonarsa: kuɗin maganin da ya daina aiki ko na jabu, da kwanakin jinya, da mutuwar ƙwarin da ke cinye masu ɓarna, da mutuwar ƙudan zuma waɗanda kankana da gurji da kabewa ke dogaro da su wajen ɗaukar 'ya'ya.

Hukumomi ba su zauna haka nan ba. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben daikulobos a kasuwanni da shaguna, daga baya kuma ta sanar da shirin janye farakwat da kulofirifos da atirazin daga amfani bi da bi. A Nijar da sauran ƙasashen Sahel akwai kwamiti guda da ke zama a Bamako, wanda ke tantance magani ya ba shi izini a madadin ƙasashen gaba ɗaya. To amma iyakar da ke tsakanin Najeriya da Nijar doguwa ce, kasuwanninta a haɗe suke, maganin da aka hana a nan yana shigowa daga can, kamar yadda albasar Galmi da tattasan Diffa ke bin hanyoyin guda, saboda haka haramcin da ba a bi shi har shagon ƙauye ba a takarda yake tsayawa.

Hanyoyin rage feshi sanannu ne, kuma cibiyoyin bincike na Samaru ta Zariya da Ibadan sun daɗe suna koyar da su: duba gona kafin a yanke shawarar feshi, da tarkon ƙamshi mai janyo namijin ƙwaron sharon, da ruwan 'ya'yan darbejiya, da sauya shuka daga kaka zuwa kaka, da ƙone ragowar gonar da ta kamu, da sauya rukunin magani domin kada ƙwaro ya saba, da keɓe magani mai gajeren lokacin jira domin lokacin tsinka. Abin da ya rage aikin hukuma ne. Ya wajaba a tilasta wa kamfanoni rubuta ma'auni da kwanakin jira da Hausa, a boko da ajami, da manyan haruffa, a kuma hana kowa buɗe shagon maganin gona sai ya sami horo da lasisi, sannan a sa tambaya game da feshi cikin abin da ma'aikacin asibitin karkara zai yi wa mai amai da gudawa. Sama da duka, ana kira ga gwamnatocin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, waɗanda jami'o'insu ke da masanan da za su iya aikin, da su fara ɗaukar samfur a manyan kasuwannin gwari a kowane wata na kakar rani, su gwada, su bayyana sakamakon a gidajen rediyo, su kuma ba ƙungiyoyin manoman da kayansu suka tsallake gwaji shaidar da za su nuna wa mai saye.